Intanet ta layin tarho da saita imel a gida: tambayoyin da aka fi yi

Tambayoyin nan su ne waɗanda masu shiga intanet da layin tarho da modem, wato na'urar da ke haɗa kwamfuta da layin, suke ta maimaitawa. An jera su kamar yadda haɗin yake tafiya, daga soket ɗin bango har zuwa akwatin imel. Sunayen maɓallai an bar su yadda suke fitowa a fuskar tsohuwar Windows irin ta XP, domin su ne za ka nema da idonka.

Me yake faruwa daga lokacin da na danna "Connect" har shafi ya buɗe?

Abu biyar ne, ɗaya bayan ɗaya. Kwamfuta ta yi magana da modem. Modem ya ɗaga layi ya ji sautin tarho. Ya buga lambar kamfanin da ke ba ka intanet, wani modem ya amsa daga can, su yi ta wannan ƙara mai kama da tsakin gyare, suna auna layin don su daidaita saurin da zai iya ɗauka. Daga nan sabar kamfanin, wato babbar kwamfutarsu, ta duba sunan shigarka da kalmar sirri. A ƙarshe ta ba kwamfutarka adireshin IP, wato lambar da ake gane ta da ita a intanet, da adireshin sabar DNS, mai juya sunan shafi zuwa lamba.

Amfanin sanin wannan jeri shi ne kowace matsala tana da matakinta. Wanda bai sani ba sai ya bar jaki ya dinga dukan taiki: ya goge Windows ya sake sa ta, alhali igiyar tarho ce ta zare daga bango. Don haka kada ka kashe lasifikar modem kafin komai ya daidaita. Kunnenka zai gaya maka inda aka tsaya tun kafin lambar kuskure ta fito.

Ya rubuto mini kuskure 680, wai babu sautin layi. Daga ina zan fara?

Zare igiyar daga modem ka sa ta a tarho na gida, ka ɗaga. In shiru ka ji, laifin ba na kwamfuta ba ne: ko igiya ta lalace, ko soket, ko layin ne ya mutu, ko kuma an bar kan wani tarho a ɗage a wani ɗaki. In ka ji sauti, to duba bayan modem. Yawancinsu ramuka biyu ne da su iri ɗaya, ɗaya an rubuta "Line", ɗaya "Phone". Igiyar bango "Line" take shiga. Wannan ƙaramin kuskure yana yawan faruwa.

Akwai kuma inda layi lafiyarsa ƙalau amma modem bai gane sautin ba. Yakan faru idan an ƙera modem don wata ƙasa da sautinta ya bambanta, ko idan kamfanin tarho yana tsinka sautin don ya sanar da kai kana da saƙon murya. Cire alamar da ke kan "Wait for dial tone before dialing" a saitin modem, ko ka sa umarnin X3, wanda ke sa shi ya buga lamba ba tare da jiran sauti ba. Yadda ake sa irin wannan umarni yana cikin amsar da ke bayani kan umarnin AT.

Ina jin yana buga lamba, amma sai 676 ko 678 ya fito.

Lamba 676 tana nufin layin can a cike yake. Kamfani yana da adadin modem da ke amsa kira, in duk an kama su sai haƙuri, ko ka gwada wata lambar shiga in sun ba ka fiye da ɗaya. Ita kuwa 678 cewa take ba a amsa ba. Buga lambar da tarho ka saurara. In ƙarar modem ta amsa, lambar daidai take. In muryar na'ura ce ta ce lambar ba ta aiki, to an sauya ta ko ka yi kuskuren rubutu.

Sai ka duba abin da Windows ke ƙarawa da kanta. Dokokin buga lamba da ke "Phone and Modem Options" sukan liƙa lambar yanki ko ta ƙasa inda ba a bukata. In kuma layinka sai an buga 9 ko 0 kafin a fita waje, rubuta ta a gaba da waƙafi, kamar 9, sannan lambar. Waƙafin yana sa modem ya dakata daƙiƙa biyu. Tsofaffin layuka da ba sa karɓar sautin maɓalli kuma sai an mayar da modem kan "Pulse" maimakon "Tone".

In an amsa, modem biyun sun yi ta ƙara ba su daidaita ba har aka yanke, wannan maganar ingancin layi ce. Duba amsar yawan yankewa.

Na tabbata kalmar sirrina daidai take, amma 691 ya ƙi barina.

Ka yi murna da 691 ta wani ɓangaren, domin ta nuna modem da igiya da lamba duk lafiya, har ka kai bakin ƙofa. Saura a gane ka. Duba ko "Caps Lock" a kunne yake, don sabar tana bambanta babban baƙi da ƙarami. Goge kalmar da aka adana ka sake rubuta ta da hannu. Wasu kamfanoni suna son sunan shiga kaɗai, wasu kuma sai da @ da sunan kamfanin a bayansa. Bar gurbin "Domain" babu komai sai in su suka ce ka cika.

In duk wannan daidai ne, to asusun ne: kuɗin ya ƙare, ko an dakatar da shi, ko sabar tana ganin kamar har yanzu kana ciki domin haɗin baya ya yanke ba shiri. Jira 'yan mintoci ka sake. Kuma ka tuna kalmar sirrin shiga intanet ba dole ta zama ita ce ta imel ba.

Kwamfuta ta ce ba ta ga modem ba, ko wai wani yana amfani da shi.

Waɗannan su ne 633, 692 da 797. Ta farko galibi tana nufin wata manhaja ta riga ta kama modem, kamar ta aika fas, ko wani kira da ya maƙale bai saki ƙofar ba. Rufe su, ko ka kashe kwamfuta ka kunna. Modem na waje kuwa a kashe shi daga maɓallinsa, a duba wutarsa da kebul ɗinsa.

Don ka tabbatar yana raye, shiga "Phone and Modem Options", zaɓi modem, buɗe "Diagnostics", danna "Query Modem". In ya jero amsoshi, kwamfuta da modem suna jin juna. In ya yi gum, sake sa direbansa, wato manhajar da ke sa Windows ta iya sarrafa shi. Wannan ya fi shafar modem masu arha na cikin kwamfuta, waɗanda ake kira Winmodem. Rabin aikinsu manhaja ce ke yi da ƙarfin kwamfutar, don haka ba su da wani amfani in babu ainihin direbansu, kuma sukan yanke in kwamfuta ta ɗauki nauyi da yawa. A tsofaffin kwamfutoci akwai wata rigimar: ƙofofin da ake jona na'ura, COM1 da COM3, suna raba IRQ 4, wato layin da na'ura ke jan hankalin kwamfuta da shi, COM2 da COM4 suna raba IRQ 3. In linzami yana COM1 modem yana COM3, za su yi ta karo.

Ina shiga lafiya, amma bayan 'yan mintoci sai ya yanke. Me ke jawo haka?

Nan ne aka fi shan wahala, domin masu laifin suna da yawa. Fara da lura da lokacin da abin ke faruwa. In yana yankewa ne daidai lokacin da wani ya kira gidan, to tsarin nan ne da ke yi maka ɗan ƙara in kana waya wani kira ya shigo. Mutum yana jin ƙarar ya wuce, modem kuwa ɗauka yake layi ya ɓace. Ana kashe tsarin da wata lamba da ake sa wa a gaban lambar shiga. A Amurka da Kanada *70, ce, wasu ƙasashe kuma #43# suke amfani da ita, don haka ka tambayi kamfanin tarhonka. Modem mai bin ƙa'idar V.92 yana iya dakatar da intanet ka amsa kiran ka dawo, amma sai in kamfanin intanet ɗin ma ya kunna wannan a nasa ɓangaren. In kuwa yana yankewa ne da zarar ka gama duba imel, to Outlook Express ne, manhajar imel ta tsohuwar Windows: akwai wani ɗan akwati, "Hang up after sending and receiving", cire alamarsa. In kuma sai ka bar kwamfuta ba ka taɓa ba na wani lokaci, duba "Idle time before hanging up". Kamfanoni ma suna da nasu iyakar, wadda ba ka da iko a kanta.

In babu wani tsayayyen lokaci, layin ne ke da hayaniya. Ɗaga tarho, danna lamba ɗaya don sautin ya ɗauke, ka kasa kunne. Layi mai kyau shiru yake yi. In kana jin ƙaras-ƙaras, ko gurnani, ko muryar wasu can nesa, modem ma yana ji, kuma ya fi ka damuwa da shi. Cire duk abin da ke kan layin: sauran tarho, na'urar fas, na'urar amsa kira, mai raba layi gida biyu. Sauya doguwar igiya da gajera, ka nisanta ta da wayar lantarki da fitila mai dogon ƙwai. Gwada. In ya daidaita, mayar da su ɗaya bayan ɗaya har ka kama mai laifin. In hayaniyar tana ƙaruwa bayan ruwan sama, danshi ne ya shiga wata mahaɗa a waje, kuma aikin kamfanin tarho ne. Ga shawara: in za ka kai ƙara, ce musu kana jin hayaniya in kana magana. In ka ce intanet ne ke yankewa, da yawa za su ce su murya suka yi alkawarin kaiwa.

Layin da ke bi ta intanet, wato VoIP, ba a yi shi don modem ba. Matse muryar da yake yi yana lalata siginar, sau da yawa babu saitin da zai gyara.

An rubuta 56K a kwalin, ni kuwa ban taɓa ganin 56 ba. An cuce ni ne?

Ba a cuce ka ba, amma an gaya maka rabin magana. Ƙa'idar V.90 da aka amince da ita a 1998, bayan gasar da aka yi tsakanin tsare-tsare biyu na kamfanoni, X2 da K56flex, ta sa iyakar saukowa a kilobit 56 a daƙiƙa, aikawa kuma 33.6. V.92 ta shekarar 2000 ta ɗaga aikawa zuwa 48. Wannan iyaka ce ta kan takarda. A Amurka ma dokar ƙarfin sigina ta tsayar da shi wajen 53. Wanda yake samun arba'in da wani abu ya gode.

Sharaɗin wuce 33.6 shi ne ɓangaren kamfani ya zama na dijital, kuma a juya sigina tsakanin analog da dijital sau ɗaya tak a hanya. In layinka ya bi ta wata na'ura da ta sake juya shi, modem zai koma tsohuwar ƙa'idar V.34, ka tsaya a 33.6 ko 28.8 komai tsadar abin da ka saya. Shi ya sa modem 56K biyu na gida in sun kira juna ba sa wuce 33.6.

Wasu kuma sukan ga 115,200 su yi ta murna. Wannan saurin da ke tsakanin kwamfuta da modem ne, ba na layi ba, kuma yawanci alama ce ta direban da bai dace ba. Ma'aunin gaskiya shi ne saukar da fayil: kilobait 4 zuwa 5 a daƙiƙa (kilobait ɗaya kilobit takwas ne) shi ne daidai, wato megabait ɗaya zai ci minti uku zuwa huɗu.

Menene umarnin AT, kuma yaushe ya kamata in taɓa shi?

Harshen da kwamfuta ke ba modem umarni ne, wanda kamfanin Hayes ya fito da shi a 1981, sauran masu ƙerawa suka bi. Ana rubuta ƙarin umarni a "Extra initialization commands" da ke shafin "Advanced" na saitin modem. Kaɗan ne za ka bukata. &F yana mayar da modem yadda ya fito daga masana'anta. X3 an ambace shi a amsar 680. S10=50 yana sa modem ya jira daƙiƙa biyar in sigina ta ɓace kafin ya ajiye. M0 yana kashe lasifika. A modem da yawa +MS=V34 yana hana shi neman 56K.

Na ƙarshen nan mutane ba sa son jin sa, amma a ganina shi ne maganin layi mai hayaniya. Modem da ya haɗu a 46 yana ta tsayawa yana sake auna layi ya fi jinkiri a kan wanda ya zauna daram a 31. Sai dai ka sa umarni ɗaya a lokaci guda, ka rubuta abin da ka sa. Dogayen umarnin da ake kwafowa na wani modem daban sukan hana naka buga lamba ma gaba ɗaya.

Na haɗu, alamar 'yan kwamfutoci biyu da ke ƙasan fuskar Windows tana ƙyalli, amma shafi ba ya buɗewa.

Buɗe "Command Prompt" ka rubuta ping 8.8.8.8. In an amsa, sake gwadawa da sunan wani shafi. Lamba ta amsa, suna bai amsa ba? To DNS ce, wato sabar da ke juya suna zuwa lamba. A saitin TCP/IP na haɗin, bar kwamfuta ta karɓi adireshin DNS da kanta, ko ka rubuta wanda kamfani ya ba ka. In duk biyun sun amsa, laifin na burauza ne: ko an bar ta a "Work Offline", ko akwai tsohon saitin firoksi, wato sabar da burauza ke bi ta cikinta, da ya rage daga wani haɗi. In babu wanda ya amsa, goge haɗin ka ƙirƙiri sabo. Wannan ma shi ne matakin farko ga kuskure 720 da 734.

Sai ka kuma bambanta "ba ya buɗewa" da "yana jan ƙafa". Shafukan yau sun kai megabait biyu ko fiye, ga Windows da manhajar kashe ƙwayar cuta suna sauke sabuntawa a ɓoye. Kashe hotuna a burauza, ka hana sabuntawa tafiya sai da izininka.

Kwamfuta tana buga waya da kanta, har tsakar dare.

Mai sauƙin shi ne wata manhaja ce ke neman intanet, Windows kuma ta buga mata. A "Internet Options", shafin "Connections", zaɓi "Never dial a connection". Mai haɗarin kuwa shi ne muguwar manhajar da ke sauya lambar kamfaninka da lamba mai tsadar kira ta wata ƙasa, ba ka sani ba sai takardar kuɗin tarho ta zo. Ka riƙa kallon lambar da ke fuskar kira kafin ka danna, ka goge duk haɗin da ba kai ka ƙirƙira ba. In ba ka amfani da intanet, zare igiyar. Wannan ya kuma tsare maka modem daga tsawa, wadda ta layin tarho take shigowa ko da kwamfuta a kashe take.

Wane bayani nake bukata kafin in saita imel?

Adireshin imel, sunan shiga, kalmar sirri, sunan sabar da ke kawo saƙo, da sunan sabar da ke fitar da shi. Sai lambobin ƙofa. POP3 da IMAP hanyoyi biyu ne na karɓar saƙo. POP3 tana kan 110, in da kariyar SSL, mai ɓoye abin da ke wucewa, 995. IMAP tana kan 143, da kariya 993. SMTP, mai fitar da saƙo, asalinta 25 ce, amma yanzu 587 ko 465 ake ba masu gida. Kada ka yi hasashen sunan saba, kwafe shi harafi da harafi daga takardar kamfani. Kuskure 0x800CCC0D a Outlook Express yawanci harafi ɗaya ne ya kauce, ko kuma ba ka haɗu da intanet ba tukuna.

POP3 ko IMAP, wanne zan zaɓa?

Ga mai kwamfuta ɗaya da layin tarho, POP3. Kana shiga, ka kwaso saƙonni, ka yanke, ka karanta ka rubuta amsa a natse, sannan ka sake shiga ka aika su gaba ɗaya. Layi bai daɗe a kame ba, mutanen gida ma sun samu yin waya. IMAP tana barin saƙo a saba, ta fi dacewa da mai duba imel a na'ura fiye da ɗaya, amma tana son haɗi mai ɗorewa.

In ka zaɓi POP3 ka san cewa tana goge saƙo daga saba bayan ta sauke shi. In kana son ya rage, sa alama a "Leave a copy of messages on server", tare da adadin kwanakin da za a goge shi, don kada akwatin ya cika.

Saƙo yana shigowa, amma nawa ya ƙi fita daga "Outbox".

Karɓa da aikawa saba biyu ne daban, ɗaya na iya aiki ɗaya ta ƙi. In amsar da ta dawo tana ɗauke da 550 da maganar "relaying", ko lambar 0x800CCC79, sabar ce ba ta san ka ba. Sa alama a "My server requires authentication". In 0x800CCC0E ne, ba a ma kai gare ta ba. Kamfanoni da yawa sun toshe ƙofa 25 don hana masu tura saƙonnin banza, sai ka koma 587. Wannan ya fi samun wanda ya shiga intanet ta wani kamfani yana son aikawa da sabar wani. Wasu tsofaffin sabobi kuma sai ka fara duba saƙo kafin su bar ka ka aika.

Yana ta tambayata kalmar sirrin imel ba ya karɓa.

In akwatin na kamfanin intanet ɗinka ne, bi matakan da ke amsar 691, ka kuma gwada rubuta cikakken adireshin a gurbin sunan shiga. In na Gmail ne, labarin ya sha bamban. Tun 2022 Google ya daina karɓar kalmar sirri ta yau da kullum daga tsofaffin manhajojin imel. Sai ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka ƙirƙiri kalmar sirri ta musamman mai haruffa 16 don manhajar. Ko da haka, Outlook Express na Windows XP bai san kariyar TLS 1.2 ba, wadda sabobi da yawa suka wajabta. In saba ta ƙi shi don wannan, babu saitin da zai taimaka, sai sauya manhaja.

Saƙo ɗaya ya tsaya, ya hana sauran shigowa, wasu kuma suna ta maimaituwa.

Wani ne ya aiko maka da babban fayil. Imel yana ƙara wa abin da aka liƙa kusan kashi ɗaya cikin uku na girmansa, don haka hoto mai megabait 5 zai kai kusan 7, wato fiye da minti ashirin a layi mai kyau. In layi ya yanke a tsakiya, POP3 ba ta goge waɗanda ta riga ta sauke, domin sai a ƙarshen zama take gogewa. Shi ya sa suke sake zuwa.

Shiga akwatin ta burauza ka goge babban saƙon, ko ka matsar da shi wata jaka. Ƙara "Server Timeouts" daga minti ɗaya zuwa biyar, ka kuma sa doka a manhajar kada ta sauke saƙon da ya wuce girman da ka zaɓa. In matsalar ba ta tafi ba, duba girman jakar "Inbox": a Outlook Express kowace jaka fayil ɗaya ce mai ƙarewa da .dbx, kuma takan lalace in ta kai gigabait 2. Raba tsofaffin saƙonni zuwa wasu jakunkuna tun kafin ta kai nan.